Labarin Dorugu, Bahaushen Da Aka Tsamo Nahawu Daga Bakinsa

Cikin dukan darussan da a ke koyarwa a makarantar horon malamai, babu wanda ɗalibai su ke kuka da shi kamar nahawun Ingilishi, watau rarraba kalmomi aji aji, a ce wannan suna ce, wannan aikatau ce, wannan kuwa sifa. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka ilmin nan kayan Turawa ne su kaɗai, namu dai mu haddace don jarrabawa, in ta wuce mu manta. Saboda haka na ga ya kyautu in kawo labarin wani Bahaushe wanda ya zauna Ingila fiye da shekara takwas, ya koyi harshen mutanenta, shi kuma ya zama rijiyar da aka ɗebi nahawun Hausa daga cikinta. Sunansa Dorugu.

An haifi Dorugu wajen shekara ta 1840, a wani ƙauye da a ke kira Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram, wadda yanzu ta ke cikin Jamhuriyar Nijar. Sunan ubansa Kwage Adamu, makaɗi ne, yana kuma noma. Sunan uwarsa Kande. Tasowarsa ba ta bambanta da ta yaran ƙauyukanmu na Maska da Malumfashi ba, daga gida sai gona, daga gona sai wasa a dandali. Amma zamanin nan ba na kwanciyar rai ba ne. Damagaram tana ƙarƙashin Shehun Barno, sarakunanta suna kai gaisuwa Kukawa, bayi kuwa suna cikin kayan gaisuwar. Talakan da ke zaune a ƙaramin gari ba shi da tabbacin inda zai wayi gari. Yana ɗan shekara goma sha wani abu aka kama shi, aka raba shi da danginsa, aka kai shi birnin Damagaram, daga can aka wuce da shi Kukawa, ya faɗa hannun wani Balarabe.

A daidai lokacin nan akwai waɗansu Turawa a Barno. Gwamnatin Ingila ce ta aiko su daga Tarabulus cikin shekara ta 1850, su uku, don su ga ƙasashen Sudan, su kuma ƙulla ciniki da sarakuna. Shugabansu, James Richardson, ya rasu a hanya cikin watan Maris 1851, bai kai Kukawa ba. Sauran biyun Jamusawa ne: Dokta Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, da Dokta Overweg, wanda mutanen Barno su ke kira Tabib, watau likita. Dorugu ya shiga aiki wurin Tabib yana duba raƙuma. Da Tabib ya ga hankalinsa, sai ya fanshe shi, ya 'yanta shi, shi da wani yaro ɗan kabilar Margi mai suna Abbega. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kama Tabib, ya rasu a Maduwari, bakin tafkin Chadi, ran 27 ga Satumba 1852. Yaran nan biyu suka koma hannun Abdulkarim, suna 'ya'ya, ba bayi ba.

Ƙarshen watan Nuwamba na shekarar nan suka tashi daga Kukawa suka nufi yamma. Suka biyo ta Damagaram, suka sauka Katsina cikin Fabrairu 1853, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello ɗan Ummarun Dallaje. Suka yi fiye da wata guda a birnin suna sayen kayan tafiya, sa'an nan suka ratsa ƙasar Zamfara, suka sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba kusa da Wurno. Daga nan sai Sakkwato, sai Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu shekara ashirin da 'yan kai kafin zuwansu, ya bar littattafai masu yawa, har da na nahawu da sarfu. Suka haye Kwara a Sayi cikin watan Yuni, suka shiga Tambutu ran 7 ga Satumba 1853. Zaman Tambutu ya yi musu tsanani ƙwarai, gama akwai masu neman ran Abdulkarim, ba don Shaihu Ahmadul Bakkayi ya tsaya musu ba da ba su fita ba. Sai cikin Mayu 1854 suka sami hanya. Suka komo ta Gawo da Sakkwato da Kano, suka isa Kukawa cikin Disamba.

Ku duba fa, yaron da bai kai shekara goma sha biyar ba, ya riga ya ji Barebari da Larabawa da Fulani da Zabarmawa da Buzaye, kowa da irin yadda ya ke jera maganarsa. Wanda ya sha irin wannan yawo kunnensa ya kan buɗe, ya gane cewa abin da wani harshe ya faɗa da kalma ɗaya, wani sai da uku. Wannan ita ce makarantarsa ta fari.

Cikin Mayu 1855 Abdulkarim ya kama hanyar gida, ya tafi da su duka biyu. Suka ƙetare Hamada ta Bilma da Murzuk, suka isa Tarabulus ƙarshen Agusta. Suka shiga jirgin ruwa zuwa Malta da Marsel, suka ratsa Faransa cikin jirgin ƙasa, suka sauka Landan ran 6 ga Satumba 1855. Ya kuma kai su Jamus, suka ga Hambag da Balin. Nufin Abdulkarim shi ne ya mai da su ƙasarsu, amma kafin su tashi sai labarinsu ya kai kunnen wani mutum wanda ya daɗe yana neman Bahaushe ruwa a jallo.

Mutumin nan shi ne James Frederick Schön, za mu riƙa rubuta sunansa Shon. Bajamushe ne, an haife shi 1803, malamin mishan ne. Ya zauna Saliyo tun 1832, a can ya fara tsintar Hausa daga bakin bayin da jiragen Ingila su ke ƙwatowa a teku. Cikin 1841 ya hau Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther, cikin 1843 kuwa ya buga wani ƙaramin littafi na kalmomin Hausa da ɗan bayanin nahawu. Daga baya ciwo ya kore shi daga Afirka, ya koma Ingila ya zama limamin wani asibitin sojan ruwa a garin Chatham. To, ga mutum yana son ya rubuta nahawun harshe, ga shi kuwa tsakaninsa da masu harshen tafiyar watanni. Da ya ji ga Bahaushe a Ingila, sai ya yi ta ƙoƙari har yaran suka zauna gidansa. Abin bai yi wa Abdulkarim daɗi ba, har ya jawo saɓani tsakaninsu. A can aka yi wa yaran baftisma, aka sa wa Dorugu suna James Henry. Abbega ya komo Afirka cikin 1857, daga baya har ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu ya tsaya.

Aikinsu kuwa ga yadda ya ke: Dorugu ya yi magana, Shon ya rubuta da boko. Ya ba shi tatsuniyoyi, da karin magana, da labarin ƙasarsu, da labarin tafiyarsa tun daga Dambanas har Landan. Bai bar Turawan ma ba, ya kwatanta yadda su ke zama cin abinci, da yawan wuƙaƙe da cokula, da irin suturar matansu, kamar yadda su su ke kwatanta al'adunmu cikin littattafansu. Shi kuma yana koyon karatu da rubutu da Ingilishi. Daga cikin maganar nan da aka tara Shon ya riƙa tsamo misalai yana jera su babi babi, har littafinsa na nahawun Hausa ya fito cikin 1862. Ƙamus ya biyo baya cikin 1876, sa'an nan Magana Hausa cikin 1885, wanda a ciki ne labarin Dorugu ya ke.

A nan ya kamata mu dakata mu duba irin wuyar aikin, gama ita ce wuyar da mu ke sha a aji, sai dai su sun biyo ta daga wancan gefe. Wanda ya yi karatun zaure ya san Ajurumiya, littafin Ibn Ajurum mutumin Fas, wanda ya rasu 1323. A can an kasa magana kashi uku kaɗai: isimi, da fi'ili, da harafi. Sifa, wadda malamai su ke kira na'ati, tana cikin isimi, ba ta da ɗaki nata. Turawa kuwa sun saba kasa kalmominsu kashi takwas: suna, wakilin suna, sifa, aikatau, bayanau, harafi, mahaɗi, da kalmar motsin rai. Da mudun nan mai kashi takwas Shon ya zo awon Hausa. Waɗansu wurare mudu ya cika daidai, waɗansu wurare kuwa ya ƙi, kuma babu inda ya ƙi kamar wajen sifa.

Abu na fari, sifar Hausa tana bin sunan da ta ke siffantawa, kamar yadda na'ati ya ke bin man'uti. Mu kan ce farin doki, farar goɗiya, fararen dawaki. Sabon buhu, sabuwar garma, sababbin kwanduna. Ta Ingilishi ba ta motsi ko kaɗan. Kalmar white ita ce ga doki, ita ce ga goɗiya, ita ce ga dawaki ɗari. Shi ya sa yaron da ya fara Ingilishi ya kan so ya liƙa wa sifa harafin jam'i, ya rubuta whites horses. Ba wauta ce ta sa shi ba, ƙa'idar harshensa ya bi, ya kai ta inda ba ta da aiki. Har wa yau mu muna da dama mu ce farin doki ko doki fari, su kuwa sifa tana gaban suna kusan kullum.

Abu na biyu, sifofin Hausa na asali ba su da yawa: babba, ƙarami, dogo, gajere, sabo, tsoho, fari, baƙi, ja, da 'yan kaɗan. Sauran aikin da suna mu ke yinsa. In an ɗora buhun auduga bisa sikeli a kasuwar Funtuwa, mu kan ce yana da nauyi. Nauyi suna ne, kamar yadda kuɗi ya ke suna in an ce yana da kuɗi. Bature kuwa sifa zai sa a nan, ya ce heavy, sunan kuwa dabam ne, shi ne weight. Haka zafi da hot da heat, haka ƙarfi da strong da strength. Ɗalibin da ya rubuta cikin littafinsa cewa heavy ita ce nauyi, bai kula da ajin kowacce ba, ya haƙa wa kansa rami.

Abu na uku, muna da waɗansu 'yan kalmomi biyu masu albarka, mai da marar, waɗanda ke mai da suna ya yi aikin sifa. Turawa su ma suna da irinsu, sai dai nasu a wutsiya su ke. Amfani shi ne use. Mai amfani useful. Marar amfani useless. Haɗari danger, mai haɗari dangerous. Ruwan sama rain, rana mai ruwa rainy day. Wanda ya gane cewa ful da ous da y suna yin aikin mai, less kuwa tana yin aikin marar, ya sami mabuɗin ɗaruruwan kalmomi a zama guda. Haka kuma daga aikatau mu kan sami dafaffe, dafaffiya, dafaffu, su kuma su sami cooked daga cook. Mu ce karyayye, su ce broken.

Abu na huɗu shi ne gwada abu da abu. Bature ya kan sāke siffar kalmar kanta hawa uku: tall, taller, tallest. In kalmar doguwa ce sai ya sa more da most a gabanta, ya ce more useful, most useful. Akwai kuma 'yan tawaye waɗanda ba su bin doka, sai a haddace su, kamar good, better, best, da bad, worse, worst. Mu kuwa ba mu taɓa sifa, aikatau mu ke kira ta yi mana aiki, ita ce fi. Mu ce dawa ta fi gero tsawo, rimi ya fi su duka. Da ya ke bakin yaro ya saba da jin wannan fi tsaye ita kaɗai, ya kan ga kamar better ba ta isa ba, ya ƙara mata more. Malamin da ya san tushen kuskuren nan zai gyara shi da bayani ɗaya, wanda bai sani ba kuwa sai ya yi ta bulala a banza.

Abu na ƙarshe, kalmar Ingilishi ba ta kan zo da ajinta rubuce a goshi ba. Farm tana iya zama gona, tana iya zama yin noma. Water tana iya zama ruwa, tana iya zama ba shuka ruwa. Cotton suna ce, auduga, amma a cikin cotton market ta tsaya gaban wani suna tana bayyana shi, inda mu za mu ce kasuwar auduga. Saboda haka ba a yanke wa kalma hukunci sai an ga aikin da ta ke yi cikin jimla, kamar yadda mutum guda ya kan zama manomi da damina, ɗan koli da rani. In ta ambaci abu, suna ce. In ta faɗi abin da aka yi, aikatau ce. In ta amsa tambayar wane iri, sifa ce. In ta amsa yaya, ko yaushe, ko ina, bayanau ce.

Dukan ƙa'idodin nan na Hausa suna bakin Dorugu tun yana Dambanas. Bai taɓa cewa farin goɗiya ba, ko da ya ke ba wanda ya karanta masa babin jinsi. Abin da Shon ya yi shi ne ya saurara, ya tara, ya sa wa kowane abu suna. Aikin bai rasa aibi ba. Hausar Dorugu ta Damagaram ce, ta yaro kuma wanda ya bar gida da wuri. Lokacin nan ba a ƙago haruffa masu ƙugiya ba, ba a kuma nuna hawa da saukar murya cikin rubutu, sai da ƙamus na Bargery ya fito cikin 1934 aka sami wanda ya bi wannan sosai. Duk da haka wanda ya sari daji ya fi wanda ya zo ya tarad da gona shan wuya. Faransawa suka ba Shon lambar girma saboda aikinsa na Hausa cikin 1877, Jami'ar Okasfod ta ba shi digirin girmamawa cikin 1884, ya rasu 1889. Sunansa ne a bangon littattafan. Wanda aka ɗebi maganar daga bakinsa kuwa ba a ba shi lamba ba.

Dorugu ya komo Afirka cikin 1864. Ya yi shekaru yana tafinta tsakanin Turawa da mutanen ƙasa, gama a zamanin nan Bahaushen da ya iya karanta Ingilishi ya rubuta shi abin nema ne da fitila. Da tsufa ya zo masa sai ya zauna Kano. Cikin 1909 Hans Fisha, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta Gwamnati a Nasarawa, bayan ganuwar Kano, inda aka fara horon malaman da za su buɗe makarantu a larduna. Dorugu yana cikin waɗanda suka koyar a can, yana nuna wa malaman zaure da 'ya'yan sarakuna yadda a ke rubuta Hausa da boko. Watau rubutun da aka fara gwadawa da maganarsa a Chatham, shi ne ya dawo da shi gida bayan shekara hamsin. Ya rasu a Nasarawa cikin 1912, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Daga baya, cikin 1971, Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara labarinsa da Ingilishi, suka buga shi tare da na Maimaina na Jega, jikan Abbega.

Daga makarantar Nasarawa aka sami malaman farko na lardunan Arewa, daga bayanta aka kafa Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗewa cikin 1922. In an bi salsalar kowane malamin makaranta na ƙasar nan, da wuya ba a tarad da ita ta ratsa ta Nasarawa ba. Ashe ke nan muna da gādo wurin tsohon nan, ko mun san shi ko ba mu san shi ba.

To, 'yan'uwana ɗalibai, gobe kaɗan za a rarraba mu, wani Funtuwa, wani Bakori, wani Ƙafur, wani Malumfashi. Za a ba kowa aji cike da 'ya'yan manoma, waɗanda iyayensu suka haƙura da hannunsu a gona don su zo su zauna gabanmu. In muka fara musu da jerin sunaye takwas na Turanci su haddace, rabinsu za su fid da rai tun ba a je ko'ina ba, su ɗauka kansu ne ba ya ja. Amma in muka ce su kawo mana sunayen abin da ke cikin rumbu, su faɗi launin kowane, su gwada wanda ya fi wani nauyi, za su ga suna da sifa da aikatau suna fitowa daga bakinsu, sa'an nan mu nuna musu inda Ingilishi ya bi hanyarmu da inda ya ratse. Kowane yaro daga cikinsu ya zo da abin da Dorugu ya kai Ingila. Allah ya ba mu haƙurin saurarensu, ya sa mu fita haƙƙin iyayensu, amin.